Tarbon da Na Ɗaura wa Motar Mahaifinmu a Ɓoye

Assalamu alaikum Edita. Lokacin da abin nan ya faru ina da shekara ashirin da bakwai. A Jidda aka haife ni, a unguwar Hindawiyya na tashi, kuma ni da yayana muna neman abinci da wata tsohuwar a-kori-kura mai injin dizal da mahaifinmu ya rasu ya bar mana. Kayan masu sauya gida muke ɗauka, da firji da na'urar sanyaya ɗaki daga shagunan unguwar Bagdadiyya. Motar ba ta da aibi sai nauyin jiki. Da an loda mata kaya ta kama hawa sai ta riƙa nishi, na baya suna ta danna mana hon. Yaya ko a jikinsa, ni kuwa abin yana ci mini rai.

Na fi shekara ina kallon masu ƙara wa injin dizal ƙarfi a waya, har na ɗauka na zama gwani. Na tsara komai a kaina: in cire ƙaramin tarbon da ke hura wa injin iska in sa babba, a buɗe famfon mai, a faɗaɗa salansa. Ɗan abin da na tara ba shi da yawa, don haka duk abin da ba ya ƙara gudu na soke shi, wato lagireto da kuloci da agogon da ke nuna zafin hayaƙi. A lokacin an yi wa Yaya aiki a gwiwa, yana kwance a gida, motar tana hannuna ni kaɗai. Na je tashlih, inda ake farke motocin da suka yi haɗari a sayar da kayansu, na samo wani babban tarbo da araha. Dattijon makaniken da na kai wa ya sa yatsa ya girgiza sandar da ke cikinsa, ya ce mini ta saki, dole a sake masa kayan ciki kafin a ɗaura. Na ce halas, wato shi ke nan, ya ɗaura kawai. Ya tambaye ni ko yayana ya sani. Na ce ai shi ma ya turo ni.

Gaskiya motar ta tashi. Wata ɗaya da rabi ina jin daɗina, ina wuce waɗanda a da suke wuce ni. Na lura baƙin mai yana raguwa, da safe kuma tana ɗan fitar da shuɗin hayaƙi, sai in ƙara mai in kau da kai. Da Yaya ya warke aka kawo mana aikin kai kayan wasu mutane Ɗa'ifa, garin da ke can saman dutse, ya ce shi zai je don ya gaji da zaman gida, ni in kai Umma ganin likitan ido. Kafin ya tafi ya zaga unguwa da motar, ya dawo yana murmushi ya ce, "Kai, wannan sabis da ka yi mata ya yi kyau, Allah ya yi maka albarka." Maganar tana bakina, amma na ce amin, na ɗaga masa hannu.

Bayan azahar ya kira ni, ya ce in samo wata mota in same shi a hawan Ɗa'ifa, ya kashe waya. Daga baya ya ba ni labarin abin da ya faru. Yana tsakiyar hawa injin ya fara ƙara gudu da kansa, hayaƙi ya rufe hanya. Ya ɗauke ƙafa, bai ragu ba. Ya gangara gefe ya murɗa makulli ya zare shi, injin ya ci gaba da ihu, domin tarbon ya fashe ta ciki yana tura baƙin mai cikin injin, shi kuma yana ƙona shi a madadin dizal. Ya sa babbar giya ya taka birki ya saki kuloci don ya kashe ta, tsohon kulocin ya zame ya ƙone. Sai ya fito da gwiwarsa da ba ta gama ƙwari ba, ya ɗaga bonet, ya fizge tiyon iska, ya danna shimfiɗar roba ta ƙasan kujera a bakin da iska ke shiga har injin ya shaƙe ya mutu. Garin haka damtsensa ya kwanta a kan ƙarfe mai zafi.

Na same shi zaune a kan dutse, wani direba ya ɗaure masa hannu da tsumma mai ruwa. Bai ɗaga murya ba. Ya nuna tarbon da haɓarsa ya tambaye ni wannan na wane ne. A nan gefen hanya na faɗa masa komai, har ƙaryar da na yi wa dattijon. Sai ya ce yalla, in tashi mu fara sauke kayan mutane, maganarmu ta jira gida.

Kwana uku bai yi mini magana ba. A na huɗu bayan la'asar ya kira ni falo, hannunsa a naɗe da bandeji, ya tura mini takarda da biro don mu yi lissafin gyara. Ya ce shi ma ya daɗe yana son motar ta ƙara ƙarfi, tun Baba yana raye suke zancen. Abin da ya ɓata masa rai shi ne na bar shi ya hau dutse da injin da bai san abin da ke cikinsa ba. Washegari muka je wurin dattijon tare, na ba shi haƙuri, ya yi dariya ya ce tun ranar ya gane ƙarya nake yi, kuma shi ma da laifinsa da ya biye mini. Shi ya jera mana aikin. Aka fara da gyaran cikin injin, domin fistan ɗaya ya narke. Sai babban lagireto, sai kuloci mai ƙarfi, sai agogon zafi. Tarbo matsakaici muka saya aka sake masa kayan ciki, famfon mai kuwa shi ne na ƙarshe, kuma kaɗan aka taɓa shi. Kafin injin ya tashi, dako muka riƙa yi a motocin abokai, daga baya duk wata muka riƙa yin abu ɗaya. Sama da shekara muka ɗauka.

Yau alhamdulillahi motar tana hawa Ɗa'ifa da cikakken kaya, allurar zafi ba ta motsawa, kuma ni da Yaya mun fi kusa fiye da da. Amma duk lokacin da ya naɗe hannun riga zai yi alwala ina ganin tabon, sai in sunkuyar da kai.

Ga 'yan'uwana masu sha'awar wannan aiki da ɗan abin hannunsu, ƙarancin kuɗi ba ya hana shi, sai dai ya ja muku lokaci. Ku fara da abin da zai kare injin, ku bar gudu a ƙarshe. Idan mai sana'a ya ce abu ya gaji, ku yarda. Kuma duk wanda zai zauna a bayan sitiyarin nan, ku faɗa masa abin da kuka taɓa kafin ku miƙa masa makulli.