Alhaji Ummaru Mai Keke, Wakilin Ingila na Ƙarshe

Ina cikin buɗe shago da safiyar Litinin sai ga Malam Yohanna, malamin makarantar da ke haya a gidan Alhaji Ummaru a unguwar Minanata. Bai ko jingine kekensa ba ya ce Alhaji ya cika bayan sallar asuba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

A wurin zaman makoki abu ɗaya kowa ke yabo: Alhaji mutum ne mai riƙon amana. Haka ne kuwa. Ni da shagona ya yi shekaru jingine da nasa a kasuwa, ban ga wanda ya riƙe wa Ingila amana kamarsa ba, har cikin Turawan. Su sun sauke tutarsu sun koma gida. Shi bai sauke ba.

Keken Ingila yake sayarwa, da kayan gyaransa. Tun yana saurayi wani kamfanin Turawa ya ba shi wakilci, zamanin da ake nuna mana taswirar duniya a aji, rabinta na Sarauniya. Da kuɗin mai suka shigo bayan yaƙin basasa, masinja ma ya hau babur ɗan Japan. Na koma sayar da kayan babur, na kuma ba shi shawara.

"Alhaji, duniya ta juya. Ko a rediyo, Amurka da Rasha ake kira."

Ya ci gaba da shafa wa sarƙar keke mai, ya ce, "Gaggawa gare ku. Ingila ba ta faɗi ba, kishingiɗa ta yi."

Taurin kan bai hana shi kirki ba. Keken Malam Yohanna bai taɓa karɓar ladan gyaransa ba. In baƙauye ya zo zai sayi sabuwar taya, Alhaji ya duba tsohuwar ya ce faci kawai take so. Masu neman kayan babur kuwa har ƙofata yake rako su, yana yi musu jaje.

Kuma ya taɓa faɗin gaskiyar da ta fi tamu. Muna bugun ƙirji cewa mu ma mun zama manya, muna raba wa ƙasashe maƙwabta kyauta, ya ce, "Ƙasar da ba ta ƙera ko bawul na taya ba, kuɗi gare ta, ba ƙarfi ba." Ba a jima ba farashin mai ya karye, soja suka rufe iyaka, babura suka kwanta babu kayan gyara, mutane suka koma keke. Alhaji ya yi wa shago sabon fenti. Sai dai kekunan da suka cika gari na Sin ne da na Indiya, masu araha.

"Indiya?" in ji shi. "Su da anka mulke mu tare?"

Bai yarda ko ɗaya ya shiga shagonsa ba.

Ranar da na je duba shi asibiti, ya kama hannuna gaban uwargidansa Hajiya Kulu. "Shagon ga amana ne hannunka har yara su girma. Kayan kowa kar su shiga, sai na Ingila." Na ce to. Wa ke musu da mai jinya?

Yanzu makullin shagon na aljihuna. Kantoci cike da kayan da ba mai tambaya, gida kuma daga shagon nan yake ci. Wani dillali daga Kano ya zo gaisuwa, ya raɗa mini cewa yana da kekunan Indiya a ƙasa. Na gaya wa Hajiya. Ta ce, "Kai ka amsa ma Alhaji, Malam Sani. Kai kuma ka san abin da za mu ɗora a wuta."

Allah ya jiƙan Alhaji Ummaru, ya haskaka kabarinsa, ya saka masa da alherin da ya yi wa masu ƙaramin ƙarfi. Allah ya ba Hajiya haƙuri, ya raya marayunsa, ya buɗa musu ƙofar abinci, ni kuma ya nuna mini mafita.

Jiya na ji a rediyo cewa can Ingila ma baburan Japan suke hawa. Su wa ya kama musu hannu a asibiti?