Ranar da Na Sauke Jinkar Rumbuna

Yanzu idan aka ce ƙasa ta tsiyace, a waya ake gani, a yi tsaki a wuce. A zamanin yaƙin basasa kuwa, da ƙafa maganar ta shigo Hunkuyi ranar kasuwa, kafin la'asar ta gama gari: wai baitulmali ya ƙare wajen sayen harsashi, gwamnati za ta bi gida-gida ta kwashe hatsi ta ciyar da soja. Ni ne malamin gona a lokacin.

Mutane suka shiga haƙa ramuka a ɗakuna suna binne dawa, har da iri. Ga damina ta matso. Na san ƙasar unguwarmu, laka ce mai riƙe ruwa. Irin da ya jiƙa a cikinta ba zai tsiro ba.

Na je wurin sarkin noma, dattijon da ba a tsallake maganarsa. Bayan mun gama gaisawa na ce, "Baba, a tone hatsin nan."

Ya yi dariya. "Malam, kai ai bakin gwamnati ne. Ko mutuwa ta yi, cewa za ka yi barci take. Naka ina ka kai shi?"

"Yana rumbu, Baba."

"To, mu gani."

A wurinmu ba a nuna wa na waje cikin rumbu, asirin maigida ne. Washegari na yaye zanar da ta kare rumbuna daga hanya, na sauke jinkarsa, na jingina tsani. Na ce duk mai so ya hau. "In soja sun zo, su fara da ni. Ba zan ruɓar da irina don jita-jita ba." Matata ta kwana uku ba ta yi mini magana ba saboda kunya.

Sarkin noma ya hau da kansa, ya daɗe yana leƙe, ya sauko. "Dawar ma ba ta da kyau," in ji shi. Amma kafin magariba ya tone tasa. Da yawa suka bi shi. Waɗanda suka ƙi, ruwan fari ya sauka suka tarar hatsinsu ya yi tsami. Daga nawa rumbun suka ɗebi iri.

Daga baya na zauna a Accra da Khartoum lokacin da kantuna suka bushe, na ji wannan tsoro da Turanci da Larabci. Ban taɓa ɓoye ko tiya ɗaya ba.

Soja dai ba su zo Hunkuyi ba. Tun daga shekarar ba a sake binne hatsi a unguwarmu ba, ni kuma ban mayar da zanar ba.