Tsohon da Ke Buga Bututu

Wata rana, a unguwar Petržalka da ke birnin Bratislava, wata tela mai suna Drahoslava tana ɗinki a ɗakinta, hawa na bakwai.

Benayen unguwar na zamanin kwaminisanci ne. A masana'anta aka zuba bangayen kankare, aka kwaso a mota aka jera su kamar akwatuna. Maƙwabci ya yi tari, ka ji. Amma sai ku shekara ashirin ba ka san sunansa ba.

Bututun ɗumama ɗakuna guda ɗaya ne ya ratsa gidajen tun daga ƙasa har sama. In an dame ka da hayaniya, ba ka zuwa ƙofar kowa. Cokali za ka ɗauka ka buga bututu.

Tsohon da ke samanta gwani ne a nan. Keken ɗinki na fara ƙara, ya fara bugu. Ita kuma ba kanwar lasa ba ce, sai ta rama da almakashi.

Ran nan tsohon ya zame ya faɗi, ƙugunsa ya karye. Ga waya can nesa. Ya ja jiki da ƙyar zuwa bututun.

Kwas. Kwas.

Drahoslava ta ja tsaki, ta rama.

Bugun ya ci gaba, a hankali, ba irin na kullum ba. Ta ƙure rediyo, ta taka kekenta.

Washegari shiru. Jibi shiru. Har daɗi ta ji, wai tsoho ya saduda.

Sai da 'yarsa ta zo daga wani gari aka ɓalle ƙofar. Suka haɗu da Drahoslava a matakala, idon matar ya yi jawur.

"Baiwar Allah, ke ce a ƙasan babana Vendelín?"

"Ni ce."

"A jikin bututu aka sami gawarsa. Ba ki ji komai ba?"

Drahoslava ta dafa bango.

"Na ji. Ramawa na yi."

Matakala goma sha ce tsakanin ɗakinta da na tsohon. Wannan ne ya fi ci mini rai, ni mai ba ku labarin.

Darasi: Wanda ka saba jin ƙorafinsa, ranar da zai nemi ceto da muryar nan dai zai kira ka. Kafin ka rama, tashi ka leƙa.

Tura wa wanda bango ɗaya ya raba ku, in ma kana da lambarsa.