Diddigen 'Yar Fari

Shekarata ta biyu ke nan da fara aikin jinya a wani ƙaramin asibiti tsakanin Bukkuyum da Gummi, lokacin maganar gubar dalma ta Bagega ba ta gama lafawa ba. Mu biyu ne a ɗakin 'yan haɗari, ni da ogana, wani dattijo da ya fi shekara ashirin yana aikin. Makullin kabad ɗin magani a aljihunsa yake kwana, kuma bai yarda kowa ya san wani abu ba sai shi.

Wata ranar kasuwa da hantsi aka shigo da yarinya daga wani ƙauye a bayan Adabka. Ba za ta wuce shekara shida ba. An ɗauko ta a babur, ƙafarta ta shiga wayoyin tayar baya, fatar diddigen ta zazzago tana reto, yashi ya cika ramin ciwon. Kakarta ta wajen uba ce ta rungumo ta. Uwar kuwa ta tsaya a baranda ta juya mana baya, don yarinyar 'yar fari ce, kuma a wajenmu abin kunya ne uwa ta nuna damuwa da ɗan fari a gaban surukarta. Ko sunanta ba ta faɗa.

Yarinyar ba ta yi kuka ba. Idonta a bushe, tana kallon silin.

An taɓa tura mu horo a Anka, muka dawo da wani kati mai zanen fuskoki, daga mai murmushi har zuwa mai hawaye, wai yaro ya nuna wadda ta yi daidai da zafin da yake ji. Na ɗauko shi ina jin kaina ƙwararriya, na durƙusa na ce ta nuna mini. Ta kalli katin, ta kalli kakarta.

Kakar ta ce, "Nuna musu, ɗiyata. Mu gidanmu ba a kuka gaban baƙi."

Ta ɗora yatsa a kan mai murmushi.

Oga ya leƙo ya ce, "To kin gani. Ba ta jin zahi. Kwalba guda ta rage ta allurar kashe zahi, a bar ta ga wanda ka bukata. Riƙe min ƙahwar."

Abin da ke ƙona mini rai har yau shi ne na sani. Ni ba baƙuwa ba ce da zan ce kati ya ruɗe ni. A Gummi aka haife ni, ni ma an yi mini kitso ina cije baki don kada a ce Inna ba ta iya tarbiyya ba. Kuma yatsuna suna kan wuyan hannun yarinyar, ina jin jijiyarta tana bugu kamar ta ɗan tsakon da aka kama. Gumi ya jiƙa mata goshi, numfashinta sama-sama. Duk wannan an koya mana a horon nan, an ce yaron da ya yi tsit shi ne abin tsoro. Na buɗe baki na ce, "Oga, ko dai a yi mata..." Ya ɗago ya harare ni ta saman tabarau, sai na haɗiye sauran. Na ji kunyar yi wa babba gardama a gaban mutane, na riƙe ƙafar.

Ya wanke ramin, ya dirje yashin da auduga, ya yi ɗinki bakwai. Na ƙirga su, don duk sukar da ya yi sai ƙafar ta ƙame a hannuna kamar icce. Yana yi yana hira da kakar a kan farashin gero. Yarinyar ko tari ba ta yi ba.

Da ya gama ya cire safar hannu ya ce, "Wagga jaruma ce. Yaran birni da sun tara muna jama'a." Kakar ta yi murmushi, an yabi gidansu. Ban taɓa jin na tsani kalma kamar yadda na tsani jarumar nan ba. Manya huɗu ne a wurin, kowa yana tsare mutuncinsa, har da ni, kuma 'yar shekara shida muka bar wa ɗaukar nauyin.

Sai da na zo naɗa bandeji na ga zanin da ke ƙarƙashinta ya jiƙe da fitsari. Ta matse cinyoyi tana ɓoyewa. Na ce ta buɗe baki in ba ta maganin ruwa, wanda shi kaɗai ke hannuna, sai na ga haƙoranta jajur. Ta tauna cikin kumatunta har ya fashe.

A nan kunyar ta fita daga idona, bayan ta gama yin ɓarnarta. Na ce wa oga ana nemansa a ɗakin haihuwa, ƙarya nake yi. Na ce wa kakar ta je ta samo ruwan ɗumi wajen mai shayi. Na fita baranda na kamo hannun uwar, tana tirjewa, na ja ta ciki na tura ƙofa na sa sakata.

Uwar ta tsaya a bakin gado, ta rasa inda za ta taɓa. Yarinyar ta kalli ƙofar, ta tabbatar a rufe take, sannan ta kalli uwarta ta yi magana a karon farko tun da aka kawo ta, a hankali don kada a ji daga waje.

"Inna, sun tahi? In yi yanzu?"

Uwar ta gyaɗa kai, ta sunkuya ta rufe su da mayafinta su biyu. Ni kuma na jingina da ƙofar na tare ta da bayana har suka gama kukansu.