Ƙuri'ar Elkana Mai Fito

Elkana Pettus mai fito ne a wani kogi na jihar Virginia. Yana ɗan shekara goma sha bakwai ya shiga yaƙin ƙwatar 'yanci daga hannun Ingila, ya dawo da ɗingishi, don sanyi ya cinye masa yatsun ƙafa biyu. Da aka fara zaɓen shugaban ƙasa, sai ya tarar doka ta ce wanda ba shi da gona tasa ta kansa ba ya zaɓe. Shi kuwa ko bukkar da yake kwana, a filin wani take.

Duk ranar zaɓe shi ke ƙetarar da masu gonaki da dawakansu, su wuce farfajiyar kotu, inda kowa ke faɗin zaɓinsa a bainar jama'a. A cikin jirgi sukan tsokane shi, wai tsohon soja wa zai zaɓa? Yakan ce shi dai ya zaɓi kada su nutse, su yi ta dariya. Matarsa Tabita ce kaɗai ta san irin wannan rana ba ya iya cin abinci.

Shugabanni suka hau suka sauka, har ya haura sittin. Sai yayan Tabita ya rasu babu ɗa, ya bar musu eka hamsin da noman taba ya gama tsotsewa. Gona dai gona ce a idon doka.

Ana gobe zaɓe, Harwood, attajirin da mashigin fiton ke filinsa, ya tsaya a kan doki ya gaya wa Elkana ɓangaren da zai bi.

"Ranka ya daɗe," in ji Elkana, "shekara talatin da biyar ina sauraron gardamarku a jirgina. Na daɗe da sanin nawa."

Washegari ya sa rigarsa ta zuwa coci. Da akawun kotu ya kira shi, ya cire hula, ya faɗi ɗaya ɓangaren, Harwood na tsaye yana ji.

Ɗan takarar nasa bai ci ba, kuma kafin ƙarshen wata aka ƙwace mashigin daga hannunsa aka ba wani. Elkana ya koma gonar nan yana noma masara, ba ta ko isarsu shekara. Tabita ta ce ko sau ɗaya ba ta ji ya yi da-na-sani ba. Ya rasu a damina ta uku, aka binne shi a gefen gonar.