Ranar da Malam Ya Je Sin Bai Bar Tabarma Ba

Waɗanda ke wurin ran nan su ne ni, da shi Malam, da ƙanwarsa Laraba, da maƙwabcinmu Sale mahauci, da babban ɗanmu wanda bakina ba ya kama sunansa. Sai autanmu Nasiru, shi a cikin waya yake, daga ƙasar Sin inda yake karatu. Na jero su ne don kada wani ya ce na ƙara gishiri.

Ku da kuka san Malam kun san ba ya gama gaisuwa sai ya tambayi rijiya. Ko ta'aziyya ya je, sai ka ji, "Ya haƙuri? Ina rijiyarku?" Ya kurɓi ruwan, ya juya shi a baki, ya yanke hukunci. Da aka je Safana nema wa babban ɗanmu aure, ya ɗanɗana na surukai ya ce, "Ruwanku da zartsi, amma yarinyar ta yi." Da ƙyar aka ba mu ita.

Lambu gare shi a fadamar ƙauyenmu, can wajen Ruma: mangwaro, gwaiba, lemo, da rijiyar da ya haƙa da hannunsa. Ranar da 'yan bindiga suka sa wa ƙauyen wuta, ni tukunya da tufafi na ɗauko. Muna cikin gudu na waiga, sai ga mutumin da guga da igiya a kafaɗa.

Na ce, "Malam, ina buhun gero?"

"Gero akwai shi a Batsari."

"Guga ne babu?"

"Wanga ya san rijiyar."

A Batsari gidan haya muka samu, ruwa sai na 'yan ga-ruwa. Ya rataye gugan a ƙusa. Magana ma ya rage.

Muna nan sai Nasiru ya bugo, ya ce zai je wani gidan tarihi na lambun sarakunan Sin na dā, wanda sojojin Turawa suka washe suka ƙone, zai nuna wa babansa ta waya. Malam ya ce ai wannan tafiya ce. Ya yi wanka, ya sa babbar riga, ya shafa turare, har ya leƙa gidan Sale ya yi masa ban kwana, Salen kuwa ya biyo shi kallo. Sannan ya shimfiɗa tabarma a gindin katanga, inda sabis ke kamawa. Nan hantsi, can la'asar. Da Nasiru ya ce ya shiga ƙofa, Malam ya tuɓe takalmi ya yi sallama.

Me za mu gani? Fasassun tangaran da guntayen duwatsu masu zane, kowanne cikin akwatin gilashi, an haska masa fitila kamar amarya. Sai wani ɗan lambu da aka ƙera a kan tebur don a nuna yadda wurin yake a dā, da tafkuna da gadoji.

Malam ya kai ido kusa. "Ina rijiyar?"

"Baba, da tafki suke ban ruwa."

"Sarki guda, ba rijiya? To, Allah ya kyauta."

Wata mata mai tsaron wurin ta gifta. Malam ya ce, "Nasiru, tsai da ita ka yi mata jaje."

"Baba, tun kafin a haifi kakanka aka ƙone wurin nan."

"To wa ya je musu jaje daga gidanmu a lokacin?"

Dole yaron ya yi. Matar ta leƙo wayar, ta yi murmushi, ta ɗaga hannu. Malam ya ce, "Ta karɓa."

Daga nan sabis ya ɗauke. Laraba da Sale suna ta dariya, shi kuwa yana riƙe da wayar yana kallon baƙin gilashi. Kokonsa ya huce bai taɓa ba. Can ya ce, "Su sun tsince ɓaraguzansu sun adana. Mu ko toka ba mu ɗebo ba."

Tun daga ranar ya ƙwace ɗan ɗakin da ke jikin zaure. Duk mai babur da zai yi wajen Ruma sai ya tsare shi da saƙo. Wani ya kawo masa ƙonannen reshen mangwaro, wani bakin fartanya, wani ƙasar bakin rijiya a leda. Ya jera su a kan buhu, gugan a tsakiya. Ba mai shiga da takalmi. Hira kuwa ba ya fara ta sai da, "Lokacin da nake Sin." Sale ya ce, "Malam, ka dawo ba tsaraba?" Ya ce, "Ƙonannen wuri na je, me zan kawo maka?"

Da fari mutane na zuwa don su yi dariya. Da dariyar ta ƙare suka daina. Sai ni. Kullum bayan la'asar ya kira ni ya fara daga gugan. Na ce, "Ni za ka nuna wa? Ni da na tsufa ina shan ruwan nan? Ranar da ka juya baya, bola zan kai tarkacen nan." Ya ce, "Su sauran ji kawai suke yi. Ke kin sani."

Ya rasu gab da faɗuwar damina. Bayan addu'ar arba'in Laraba ta koma Wagini, gida ya yi tsit. Babban ya zo ya durƙusa ya ce, "Inna, ina son ɗakin nan in zuba wake. Ke ma kin sha cewa a zubar da kayan." Gaskiya ya faɗa. Na ce ya dawo da safe.

Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta. Allah ya ba shi lambun da wuta ba ta ci, ya shayar da shi ruwan da ba zai samu abin kushewa ba.

Da gari ya waye na share ɗakin, na goge gugan, na zauna a bakin ƙofa. Babban ya iso da buhunansa. Na ce, "Ajiye su nan waje. Tuɓe takalminka."

Ya tuɓe. Na fara masa daga gugan.