Jelar Rigar Ƙawata a Gindin Tsamiya

Shekarun baya can, tun ina sabuwar malamar firamare a Kazaure, na yi ƙawa da wata ungozomar asibiti, mutuniyar gabashin ƙasar nan, Kirista. Ba sai na faɗi sunanta ba, mu dai Sista muke ce mata. Ɗaki ta kama haya a jikin gidanmu, amma tun ranar da ta tsaya a kan yayata har Allah ya sauke ta lafiya bayan doguwar naƙuda, mahaifiyata ta daina kallonta a matsayin 'yar haya. In an kwashe tuwo da nata malmala, in ta yi laifi kuma a yi mata faɗa kamar yadda ake yi mana.

Tana da saurayi ɗan garinsu, direba a ma'aikatar ayyuka, dogo mai yawan dariya. An sa musu rana, har mahaifiyarta ta aiko mata da rigar aure daga gida, wadda ta ɗinka da hannunta. Ranar na fara ganin irin wannan riga. Fara sol, yadin sai santsi, ga wata doguwar jela a baya da aka bi bakinta da leshi. Da Sista ta warware ta a kan gado, jelar ta sauko har ƙasa, mahaifiyata ta riƙe haɓa ta ce, "'Yar nan, wannan ragowar yadin fa? Mantawa aka yi ba a yanke ba?"

Sista ta yi dariya har da hawaye. Ta ce haka ake yinta, amarya na tafe, wata na biye tana riƙe da jelar don kada ta ja ƙasa. Ƙanwarta ce za ta zo ta riƙe mata, yarinyar ma tun yanzu ta hana kowa sakat da zancen.

Ba a yi bikin ba. Kafin ranar ta zo ƙasa ta rikice, labarai marasa daɗi suka riƙa zuwa daga manyan birane, mutanen kudu suka shiga tattara kaya. Wata safiya mahaifina ya saka Sista a motar gyaɗa mai zuwa Kano, da ɗan ƙunshin kayanta a hannu. Adakar da rigar ke ciki ta yi mata nauyi, sai ta tura ta ɗakin mahaifiyata ta ce, "Inna, ki ajiye mini. In na dawo, to. In ban dawo ba, ki ba wadda kika ga dama."

"Za ki dawo ki ɗauki abinki," in ji mahaifiyata. "Wa zan ba riga mai jela a garin nan?"

Aka shiga yaƙi, shiru babu labarinta. Ni na yi aure, na haihu. Mahaifiyata kuwa ta ɗora adakar a kan duwatsu saboda gara, ta zuba kafur, lokaci lokaci ta fito da rigar ta shanya a inuwa ta mayar. In na ce mata tana wahalar da kanta, sai ta ce amana ba ta tsufa a hannun mai rai.

Bayan an gama yaƙi da ɗan jimawa, wata rana da la'asar ina gidanmu, aka yi sallama a zaure. Na leƙa na ga wata mace a rame, wuya ya yi tsawo, ban gane ta ba sai da ta ce, "Malama, ba ki san ni ba?" Mahaifiyata ta fito da gudu ba ko ɗankwali. Ba ta tambaye ta komai ba, ta dai zaunar da ita ta dama mata fura. Sai da aka kwana biyu Sista ta buɗe baki da kanta. Mahaifiyarta ta rasu, ƙanwarta ma ta rasu, yunwa da ciwo suka tafi da su a cikin damina ɗaya. Saurayin nata yana raye, amma an yanke masa ƙafar hagu daga saman gwiwa.

Asibiti suka mayar da ita aikinta. Shi ma daga baya ya biyo ta, lokacin an fara jin ɗumin arzikin mai, ana ta shimfiɗa tituna, ya samu aikin kula da sito a wani kamfanin hanya. Amma ba mutumin da muka sani ba ne. Dariyar nan ta tafi. Daga sito sai ɗakinsa, kasuwa ma aike yake yi, don ba ya son a bi sandarsa da kallo. Sista ta sha fama kafin ya yarda a ɗaura auren. Cewa yake ta nemi cikakken mutum, ita kuma ta ce ba ƙafa ta yi wa alkawari ba.

Da aka tsayar da rana muka buɗe adaka. Rigar tana nan, sai dai farin ya ɗan juya, kuma ta yi wa Sista yawa, dole mahaifiyata ta rage ta ta gefe. Tana cikin ɗinkin ta ɗaga jelar ta haska a rana, ta ce, "'Yar nan, yadin ya mutu a kan ninkin nan. Ja kaɗan zai tsage. Ki bari in yanke jelar, rigar ta tsaya miki a idon sawu."

Sista ta girgiza kai. "A'a, Inna. Leshin nan shi ne abu na ƙarshe da uwata ta ɗinka mini." Sannan ta juyo gare ni. "Malama, wadda za ta riƙe ba ta nan. Ba ni da kowa a garin nan da ya fi ki. Za ki riƙe mini?"

Na amsa kafin in yi tunani. Sai da na koma gida abin ya dame ni, ni Musulma, matar aure, me zai kai ni tsakiyar taron ibadar wasu? Maigidana ya ce shi ba ya hanawa, amma in ji ta bakin mahaifina. Na je na durƙusa na faɗa masa. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Riga za ki riƙe mata, ba addininki za ki ajiye ba. Marainiya ce. Ki je, ki rufe jikinki, ki yi abin da ya kai ki."

Muka shiga gwaji a tsakar gida. Rigar ba ta jure wasa, don haka zanen gado muka maƙala wa Sista a baya. Sai ga ni, uwar 'ya'ya, malamar da yara ke tsoro a aji, ina bin mace a duƙe da zanen gado a hannu kamar mai korar kaza. In na yi sauri in take mata dunduniya, in na yi jinkiri in fizgo ta baya. Mahaifiyata tana bakin murhu tana cewa, "Kai, wannan da saniya aka ba ki ja, da tuni ta tsere." A hankali na gane abin. Hannu biyu ake sawa, a buɗe, a bar yadin ya ɗan yi sako sako a tsakani. Ba ƙafar amarya ake kallo ba, kafaɗarta ake kallo, ita ke nuna za ta tsaya ko za ta juya. In ta tsaya, sai a sauke jelar a hankali a baza ta.

Ɗan cocinsu jinkarsa ta rufta a shekarun da babu kowa, ba a kai ga gyarawa ba. A gindin wata tsamiya suke taruwa, can bayan gari a ƙasan dutse, nan kuma aka shirya ɗaurin auren. Kaka ce, an gama girbi, ƙarangiya ta bushe ta cika fili. Duk wanda ya san ƙarangiya ya san abin da za ta yi wa leshi. Maza sun share hanya tun da safe, amma iska tana dawo da ita. Wurin da ango da amarya za su tsaya kuwa falalen dutse ne, sumul, nan ne kawai tebur ke zama daidai. Tun da sassafe na je da sabuwar tabarma na shimfiɗa a inda jelar za ta kwanta.

Da hantsi motar asibiti ta sauke mu a bakin hanya. Kafin mu taka, Sista ta kama hannuna. "Malama, don Allah kada ki bari komai ya same ta."

Mutanen ba su da yawa. 'Yan cocinsu ne, ma'aikata daga Filato da Binuwai da 'yan kudu da suka dawo, sai abokan aikinta. Can nesa kaɗan kuma matan gari ne a tsaye cikin mayafai, waɗanda ta karɓi haihuwarsu, sun zo su ga auren Sista. Aka ɗauki waƙa, muka fara tafiya. Ban ga fuskar kowa ba, idona na kan kafaɗarta da ƙasa. Na san ƙanwarta take tunawa, na kuma san ba ni ya kamata a ce ina wurin nan ba. Muka isa lafiya, ko ƙarangiya ɗaya ba ta kama ba. Na baza jelar a kan tabarma, na koma gefe na tsuguna, ina jin kaina kamar wadda ta ci jarrabawa.

Ango yana tsaye a damanta cikin baƙar kwat, an naɗe ƙafar wandon hagu an maƙale. Ya ƙi kujerar da aka kawo masa. Gumi yake yi, ya kafe ido a kan tebur, ya ƙanƙame sandar da ke hammatarsa.

Ana cikin karatu iska ta taso. Ta ɗaga gefen jelar daga kan tabarma ta kwantar da shi a kan dutsen, dab da ƙafar ango. Na yunƙura zan gyara ke nan, sai fada, limamin cocin, ya ce su juyo su fuskanci juna. Ango ya ɗaga sandarsa zai juya. Na ga inda bakinta zai sauka, a kan yadin nan mai santsi, a kan dutse mai santsi, kuma duk nauyinsa a kanta zai tafi. Sista ta riga ta juya, dunduniyar takalminta ta danne ɗaya ɓangaren. Babu lokacin magana. Na san abin da zai faru in na ja, na san abin da zai faru in ban ja ba.

Na fizge.

Ƙarar yagewar har matan da ke nesa sun ji ta. Sandar ta sauka a kan dutse tsirara, ta tsaya daram. Ni kuwa ga ni a durƙushe da fiye da rabin jelar a hannuna, leshin yana reto. Fada ya dakata, kowa ya zuba mini ido. Wata mata a baya ta ce, "Wayyo, ta yaga mata!" Na ji kamar dutsen ya tsage in shige.

Sista ta waiwayo. Ta dubi yadin da ke hannuna, ta dubi bakin sandar, ta dubi inda jelar take kwance a da. Ungozoma ce, idonta ya saba gane abu da wuri. Na ce, "Sista, ki yafe mini."

Ta sunkuya ta kama ɗan abin da ya rage yana haɗe, ta ƙarasa yage shi da hannunta, ta naɗe ta ɗora mini a kan cinya. Ta ce a hankali, yadda ni kaɗai zan ji, "Riƙe mini uwata. Bari in auri mijina." Sannan ta miƙe ta ce wa fada ya ci gaba.

Haka aka ɗaura auren, amarya da guntuwar riga, zare na lilo a bayanta. Da aka gama matan gari suka rangaɗa guɗa daga inda suke, 'yan coci suka juya suna dariya. Ni dai kuka nake, na rungume yadin. Mutane da yawa sun tafi da cewa Malama ce ta yi garaje ta ɓata rigar amarya, har aka daɗe ana tsokanata da shi a makaranta. Ban taɓa gyara musu ba, don gyarawar tana nufin in ambaci sandar ango, shi kuwa bai ce komai ba, ko kallona bai yi ba ranar. Na ɗauka bai ma lura ba.

Sun zauna a Kazaure har suka yi ritaya, 'ya'yansu da nawa tare suka tashi. A hankali ya fara fita, ya koma zuwa kasuwa da kansa, har ya zama shi ke raba faɗan 'yan tasha. Maganar riga ba ta ƙara tasowa tsakaninmu ba.

Yanzu in na ga 'yan mata a wurin biki suna bin amarya suna gyara mata jela don hoto, nakan yi murmushi, don na san aikin ya fi yadda ake ganinsa. Abin da na koya shi ne, in mutum ya damƙa maka abu ya ce ka tsare, ka duba da kyau me yake tsoron rasawa. Wani lokaci ba abin da ya sa a hannunka ba ne, shi kansa bai sani ba sai an zo wurin.

Sista ta riga mu gidan gaskiya. Da na je yi wa mijinta gaisuwa, na same shi a ƙofar gida, ya tsufa, gashi ya yi fari fat. Muka gaisa, na yi masa ta'aziyya. Har na yunƙura zan tashi sai ya ce, "Malama, zauna. Akwai maganar da ban taɓa yi miki ba." Na koma na zauna. "Ranar nan na ga yadin. Na gan shi sarai, amma na riga na saki nauyina, ba yadda zan yi. Da na faɗi a gaban mutanen nan, a gabanta, wallahi da ban ƙara fita ƙofar ɗaki ba har in mutu. Na kasa yi miki godiya ne saboda kunya."

Na ce masa ba komai, ya wuce.

Ya girgiza kai ya ce, "Bai wuce ba, Malama. Duk shekarun nan da na yi ina tafiya cikin mutane, daga ranar nan suka fara."